Abubuwan da ya kamata ka sani game da ɗab'in 3D a tiyatar gyaran ƙashin fuska

A shekarar 2012 wani matashi ɗan birnin Cardiff, a yankin Wales na Biritaniya, ya yi hatsari a kan babur. Yana sanye da hular kwano, amma duk da haka ƙasusuwan kuncinsa biyu da muƙamuƙinsa na sama da hancinsa da ƙoƙon kansa sai da suka karye. Likitoci suka ceci ransa, suka ɗora abin da zai ɗoru. Wajen idonsa na hagu ne kawai suka yi taka-tsantsan, ba su matsa ba, gudun kada garin neman gira a rasa ido. Da ya warke, sai ƙashin kuncin ya haɗe a karkace, idon ya faɗa ciki, ya kuma yi ƙasa. Ya koma ba ya fita sai da hula da tabarau.

A farkon 2014 aka sake shiga da shi tiyata a asibitin Morriston da ke Swansea, likita Adrian Sugar na jagorantar aikin. Awa takwas aka yi. Kafin ranar, an riga an gama tsara komai a kwamfuta: an buga samfurin ƙoƙon kansa, an buga 'yan kayan da za su nuna wa likita inda zai sake karya ƙashin da inda zai ajiye shi, an kuma buga ƙarfen da zai riƙe shi a ƙasar Beljiyam. Labarin ya zagaya duniya, mutane da yawa kuma suka ɗauka inji ne ya buga wa mutumin sabuwar fuska. Ba haka ba ne. Hannun likita ne ya yi aikin. Abin da injin ya yi shi ne ya raba likitan da kintace, ya ɗauke tunanin da a da ake yi a kan marar lafiya yana kwance jini na zuba, ya mayar da shi ofis, makonni kafin a taɓa wuƙa.

## Me ya sa ƙashin fuska ya fi wuyar gyara?

Idan hannu ko ƙafa ta karye, maɗori yana da madafa: ƙashin dogo ne, a miƙe yake, ana iya ja a daidaita a ɗaure da kara. In ma ya haɗe da ɗan karkata, riga ko wando sun rufa asiri. Fuska ba ta da wannan gatan. Ƙashi goma sha huɗu ne a cikinta, sun sarƙe da juna, babu ko ɗaya da yake a miƙe, wasunsu kuma ba su fi ɓawon ƙwai kauri ba. Kuma kowannensu yana da aikin da ya wuce kyan gani.

Ɗauki kwarmin ido. Girman cikinsa bai wuce mililita 30 ba, wato kamar cokali biyu na cin abinci. Ƙashin da ido ke zaune a kansa bai kai milimita ɗaya kauri ba. Idan ya fashe, kwarmin ya ƙara faɗi da mililita ɗaya tak, idon yakan koma ciki da abin da ya kusa milimita guda. In ya kai milimita biyu, duk wanda ya kalli mutum zai lura, shi kuma yana iya fara ganin abu ɗaya ya zama biyu. Haka muƙamuƙi. Wanda ya taɓa jin 'yar tsakuwa a cikin shinkafa ya san yadda haƙori ke gane abin da ido bai gani ba. Idan aka mayar da muƙamuƙi ya goce da milimita biyu ko uku, haƙoran sama da na ƙasa ba za su sake haɗuwa daidai ba, tauna ta lalace, magana ta canja, wani lokaci har yawu ya riƙa zuba.

Ga kuma matsalar gani. Likita ba ya tsaga fuska daga gaba ya buɗe ta kamar littafi, domin tabon zai fi raunin muni. Ta cikin baki yake bi, ko ta ƙarƙashin fatar ido, ko ta cikin gashin kai. Ta 'yar kafa yake leƙen aikinsa, fuskar a kumbure, ɗayan gefen da zai kwatanta da shi kuma a rufe da ƙyalle.

## Gini ne, ba sassaƙa ba

Kalmar ɗab'i tana ruɗarwa, don tana kawo takarda da tawada a zuciya. Abin da ake nufi da 3D shi ne abu mai tsawo da faɗi da kauri, wanda za a iya ɗauka a juya a hannu. Masassaƙi yana samun turmi ne ta hanyar rage gungume har siffar ta fito. Magini kuwa ƙari yake yi, sahu kan sahu, har bango ya tashi. Injin 3D magini ne, sai dai sahunsa siriri ne ƙwarai, kusan kamar silin gashi.

Wani injiniya Ba'amurke mai suna Charles Hull ne ya fito da dabarar a 1983, ya samu takardar mallakarta a 1986. Nasa injin yana haska wani ruwan roba da haske na musamman, duk inda hasken ya taɓa sai ya daskare. Wasu injinan suna narkar da zaren roba su riƙa zuba shi layi-layi, kamar yadda mai lalle ke zana hannu. Na ƙarfe ya fi ban mamaki: a shimfiɗa garin ƙarfe siriri, hasken leza ya bi ya narkar da wuraren da ake so, a sake shimfiɗa wani garin a kai, a maimaita sau dubbai. In an gama sai a kakkaɓe garin da bai narke ba, abin ya bayyana a tsakiya.

Amfanin gini a kan sassaƙa a nan shi ne, injin bai damu da wuyar siffa ba. Lanƙwasa, rami, raga mai ƙananan huji, duk ɗaya ne a wurinsa. Kuma buga abu guda ɗaya tak, na mutum ɗaya, ba asara ba ne. Fuskoki kuwa ba a taɓa samun biyu iri ɗaya ba.

## Daga hoto zuwa abin riƙewa a hannu

Komai daga hoton CT yake farawa, na'urar nan da Godfrey Hounsfield ya ƙirƙira aka fara gwada ta a kan marar lafiya a Landan a 1971. Tana ɗaukar hoton kai yanka-yanka, kamar an yanyanka burodi. Don wannan aiki ana son kaurin kowane yanka kada ya wuce milimita ɗaya. Daga nan sai a zauna a kwamfuta a ware ƙashi daga tsoka da kitse da iska, a jera yankunan har ƙoƙon kan ya tsaya a allo ana juya shi.

Wannan matakin ne ba a cika ba shi haƙƙinsa ba, alhali nan ne kuskure ke shiga. Cikon haƙori na ƙarfe yana watsa haske a hoton ya ɓata kewayensa. Siririn ƙashin kwarmin ido yakan ɓace wa kwamfuta, ta nuna rami inda babu rami. Dole mutum ya bi da hannu, yanka bayan yanka, yana gyarawa. Injin ba ya tambaya. Duk abin da aka ba shi, daidai ko kuskure, shi zai buga, kuma zai buga shi da kyau.

Dabarar da aka fi amfani da ita bayan haka mai sauƙi ce: madubi. A ɗauki lafiyayyen gefen fuskar a kifa shi a kan wanda ya lalace, sai a ga yadda ya kamata wurin ya kasance. Idan gefe biyun duk sun tafi, ko raunin a tsakiya yake, sai a nemi siffa daga hotunan kawunan wasu mutane masu kama da shi a shekaru da ƙira. Likita da injiniya sukan zauna tare, sau da yawa ta intanet, wannan a asibiti wancan a kamfani a wata ƙasa, suna matsar da ƙashi a allo har su yarda.

## Abin da ake bugawa, da wanda ya fi amfani a cikinsu

Wanda ya fi jan hankalin jama'a shi ne dashe, wato abin da za a bari a jiki. A watan Yunin 2011 aka sa wa wata tsohuwa mai shekara 83 muƙamuƙin ƙasa gaba ɗaya na ƙarfen titaniyom a ƙasar Holan, bayan da ciwon ƙashi ya cinye nata. Masu bincike na Jami'ar Hasselt ta Beljiyam da kamfanin LayerWise ne suka yi shi. Nauyinsa giram 107, ya ɗan fi na halitta nauyi. Tiyatar ta ɗauki kamar awa huɗu, bayan kwana huɗu tsohuwar ta koma gida. Shekarunta ba za su bari a yi mata doguwar tiyatar ɗebo ƙashi daga wani sashen jiki ba, shi ya sa aka bi ta nan.

Amma in za a tambaye ni, ba dashen ne ya fi canja aikin likitoci ba. Abubuwa biyu ne marasa kwarjini, waɗanda ake jefarwa bayan an gama.

Na farko samfur ne, ƙoƙon kan marar lafiya na roba, daidai girmansa. Maɗaurin ƙarfen da ake ɗaure muƙamuƙi da shi a miƙe yake zuwa daga kamfani. A da, likita a tsakiyar tiyata zai riƙa lanƙwasa shi da filaya, ya gwada, ya cire, ya ƙara lanƙwasawa, marar lafiya na kwance cikin maganin barci, ƙarfen kuma yana rauni da kowace lanƙwasa, kamar waya da aka yi ta murɗawa. Da samfur a hannu, sai ya zauna tun kwana biyu kafin nan, cikin natsuwa, ya lanƙwasa maɗaurin a kan robar, a kashe masa ƙwayoyin cuta, ya jira ranar aiki. Samfurin yana kuma taimakawa wajen yi wa marar lafiya da danginsa bayani. Wanda bai san karatun hoton asibiti ba, in aka miƙa masa muƙamuƙinsa a hannu aka nuna masa inda ƙari ya ci, ya gane.

Na biyu shi ne abin da za mu kira jagoran zarto. Wata 'yar roba ce da aka buga ta yadda ba za ta zauna a ko'ina ba sai a wuri ɗaya a kan ƙashin mutum ɗaya, kamar makulli da ƙwado. A jikinta akwai tsaga inda zarto zai bi, da huji inda za a huda don sukuru. Ita ce gada tsakanin abin da aka tsara a allo da abin da hannu zai yi. Ba don ita ba, tsarin kwamfuta zane ne kawai mai kyan kallo.

## Yadda ƙashin ƙafa ke komawa muƙamuƙi

A nan ne aka fi ganin amfanin jagoran. Idan ƙari ko harsashi ya tafi da babban sashe na muƙamuƙin ƙasa, abin da ya fi dacewa a maye gurbinsa da shi ba ƙarfe ba ne, ƙashi ne mai rai daga jikin mutumin kansa. A ƙafa, gefen ƙwauri ta waje, akwai wani siririn ƙashi wanda ba shi ke ɗaukar yawancin nauyin jiki ba. Ana iya cire tsakiyarsa, har kusan santimita 25, a bar 'yan santimita a sama da ƙasa don gwiwa da idon sawu, mutum ya ci gaba da tafiya. Likita Ian Taylor na Melbourne a Ostareliya ne ya fara dasa wannan ƙashi da jijiyoyin jininsa a wani wuri a 1975. A 1989 kuma David Hidalgo, a New York, ya nuna yadda za a gina muƙamuƙi da shi.

Matsalar a fili take: ƙashin a miƙe yake kamar sanda, muƙamuƙi kuwa lanƙwashe yake kamar baka, da kusurwa a haɓa da kusurwa a ƙarƙashin kunne. Sai an yanka sandar gida biyu ko uku, kowane yanka a jirge, yadda in aka haɗa bakunan za su zauna ba giɓi, irin haɗin da kafinta ke yi a kusurwar firam. A yi haka kuma ba tare da an taɓa jijiyar jinin da ke bin bayan ƙashin ba. Kuma da zarar an raba ƙashin da ƙafa, ya daina samun jini ke nan har sai an ɗinke jijiyoyinsa da na wuya a ƙarƙashin madubin ƙara girma, da zaren da ya fi gashi siranta. Duk mintin da aka ɓata ana gwaji da fiƙe ƙashi, naman da aka ɗebo yana cikin yunwa.

Da jagoran zarto, ana buga biyu, ɗaya na muƙamuƙi ɗaya na ƙafa, kusurwoyinsu sun dace da juna tun daga kwamfuta. Likita zai iya yanka ƙashin ƙafar ya harhaɗa shi a kan maɗaurinsa ya zama siffar muƙamuƙi tun yana haɗe da jininsa a ƙafar, sai a ƙarshe a datse jijiyar a kai shi sama. Hujin sukurun da aka yi ta cikin jagoran su ne dai hujin maɗaurin, don haka komai yakan faɗa mazauninsa. Wasu likitoci a New York sun kai abin matakin da a 2013 suka ba da rahoton dasa turakun haƙori a ƙashin ƙafar da ɗora haƙoran roba duk a tiyata guda. Mutum ya kwanta da ƙari a muƙamuƙi, ya farka da sabon muƙamuƙi da haƙora, abin da a da yake cin watanni masu yawa da tiyata fiye da ɗaya.

## Ƙarfe ko roba?

Titaniyom ne sarkin kayan dashe, galibi gauraye da kashi 6 cikin ɗari na alminiyom da kashi 4 na wani ƙarfe, banadiyom. Ba ya tsatsa a jiki, kuma ƙashi yana manne masa, abin da likitan Suwidin Per-Ingvar Brånemark ya gano a shekarun 1950, aka gina dashen haƙori a kansa. Aibinsa shi ne ya fi ƙashi tauri ƙwarai, kuma yana dagula hoton da za a ɗauka daga baya don a ga ko ciwon daji ya dawo. Akwai wata roba mai ƙarfi, PEEK, wadda ba ta ɓata hoto, taurinta kuma ya fi kusa da na ƙashi, likita ma yana iya rage ta a wurin in ta ɗan yi yawa. Sai dai ƙashi ba ya manne mata. Ana yawan sa ta a goshi da kunci da ƙoƙon kai, inda babu nauyin tauna.

## Inda dabarar ke tuntuɓe

Lokaci ne na farko. Daga ɗaukar hoto zuwa isowar dashe daga kamfani yakan ci makonni. Wanda ya yi hatsari yau ba zai jira ba, ciwon daji kuma ba ya tsayawa don ana jiran kaya. Idan likita ya buɗe ya tarar ƙarin ya wuce inda aka zana, dole ya ajiye jagoran ya koma aikin hannu. Shi ya sa tsoffin likitoci ke damuwa da matasan da suka taso a kan jagora: ranar da tsari ya rushe a tsakiyar tiyata, wa zai iya lanƙwasa ƙarfe da ido? Don rage jiran ne wasu manyan asibitoci suka kafa nasu ɗakunan ɗab'i. Asibitin Jami'ar Basel a Suwizalan ya dasa wa wani marar lafiya murfin ƙoƙon kai na PEEK da aka buga a cikin asibitin a 2023.

Sai batun nama, wanda shi ne babba. Dashe komai kyansa yana buƙatar lafiyayyar tsoka da fata su rufe shi. Idan fatar ta yi siriri, ko an yi mata gashin ciwon daji, ƙarfen yakan huda ta ya fito waje bayan watanni. Baki kuwa cike yake da ƙwayoyin cuta. Da sun samu ƙarfe sai su yi masa shimfiɗa wadda magani ba ya ratsawa, ƙarshenta a cire dashen. Sannan kwamfuta ta san inda ƙashi zai zauna, amma yadda leɓe da kunci za su kwanta a kansa bayan kumburi ya sabe da tabo ya ja, har yanzu hasashe ne.

Ga yara kuma, ƙarfe ba ya girma. Fuskar yaro tana canjawa har ya kusa shekara ashirin.

## Ina abin ya shafe mu?

Ya shafe mu fiye da yadda ake zato, domin masu buƙatar gyaran ƙashin fuska ba su yi mana ƙaranci ba. Hatsarin hanya, musamman na babur ba hular kwano, shi ne kan gaba wajen karya fuska a Najeriya. Ga raunin harsashi. Ga wani ƙarin muƙamuƙi da likitoci ke kira amilobilastoma, wanda ba ya yawan yaɗuwa zuwa sauran jiki amma yana ci gaba da girma a hankali ba zafi, shi ya sa mutanenmu ba sa zuwa asibiti sai ya cinye rabin muƙamuƙi.

Sai cutar noma, wadda wasu ke kira ciwon iska. Sunan ba shi da alaƙa da noman gona, daga wata kalmar Girkanci ce mai nufin cinyewa. Tana kama yara masu tamowa, galibi 'yan shekara biyu zuwa shida, ta fara daga dasashi, cikin 'yan kwanaki ta huda kunci ta ci ƙashi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa in ba a yi magani ba, tara cikin goma ba sa tsira, kuma a Disambar 2023 ta sa ta cikin jerin cututtukan da aka yi watsi da su, bayan buƙatar da Najeriya ta jagoranta. A Sakkwato akwai asibitin noma da aka kafa a 1999, wanda ƙungiyar likitoci ta MSF ke tallafa wa tun 2014. A Damagaram ma ƙungiyar Sentinelles ta daɗe tana kula da irin waɗannan yara. Sai dai kada a yi gaggawar ɗaure wa injin rawani. Abin da noma ta fi ci nama ne, leɓe da kunci da hanci, sannan tabon ya ɗaure muƙamuƙi baki ya ƙi buɗuwa. Wannan aikin dashen fata da tsoka ne. Inda ɗab'in zai taimaka shi ne nuna wa likita yadda ƙashin ya manne kafin ya shiga, da tsara gyaran ƙashi ga waɗanda suka girma.

Injin buga titaniyom ana maganar ɗaruruwan dubban daloli ne, ga buƙatar wuta da ba ta yankewa da tsauraran ƙa'idojin tsafta. Duk da haka ba a Turai kaɗai yake ba. A Afirka ta Kudu, wata cibiya ta Jami'ar Fasaha da ke Bloemfontein ta buga muƙamuƙan titaniyom da aka dasa wa marasa lafiya biyu a asibitin Kimberley a 2014. A Indiya, bayan da wata cutar funfuna ta ci fuskokin dubban waɗanda suka yi korona a 2021, masu bincike a birnin Chennai sun shiga buga dashen fuska don marasa galihu.

Amma injin roba na kan tebur bai wuce 'yan ɗaruruwan daloli ba, manhajar 3D Slicer da ake ware ƙashi da ita kuma kyauta ce. Duk asibitin koyarwa da ke da na'urar CT zai iya buga samfur ya lanƙwasa maɗauri a kansa, ko ya buga mulu ya zuba simintin ƙashi a ciki ya samu murfin ƙoƙon kai mai araha. Abin lura kawai, robar da ƙananan injinan nan suka fi amfani da ita tana yin laushi tun a zafin digiri 60, tukunyar kashe ƙwayoyin cuta ta asibiti kuwa tana kai 121 zuwa 134. Don haka samfurin na ofis ne, ba na cikin rauni ba. Kuma bugun muƙamuƙi ɗaya yakan ci awanni da yawa, in wuta ta ɗauke a tsakiya sai a sake daga farko.

## Za a iya buga ƙashi mai rai?

Ana kan hanya, ba a iso ba. Abin da ake gwadawa shi ne a buga raga mai siffar ƙashin da ya ɓata, da robar da jiki ke narkarwa a hankali cikin 'yan shekaru, ko da sinadarin kalsiyam irin na ƙashi, a bar ƙwayoyin halittar mutum su shiga su gina nasu. A ƙananan ramuka na ƙoƙon kai da kwarmin ido an riga an fara amfani da irin wannan. Babban giɓi ne ya gagara, saboda ƙwayar halitta ba ta rayuwa in ta yi nisa da jijiyar jini fiye da ɗan ƙaramin kaso na milimita, kuma ba a kai ga buga ƙashi mai kauri da hanyoyin jininsa a ciki wanda zai jure tauna ba. Wanda ya rasa rabin muƙamuƙi a yau, daga ƙafarsa ko ƙugunsa ko allon kafaɗarsa za a ɗebo abin da za a gina masa sabo.